Ƙurar da nono bai wanke ba

Shekaru da dama baya, lokacin da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ni da yayana muna aikin kafinta a wata rumfa can wajen Ƙofar Kaura. Rumfar ta haɗaka ce, kowa da teburinsa da zartonsa, amma injin goge katako ɗaya ne, bi da bi ake hawansa. Sabbin ciyamomi suka shigo da zafinsu, kowa na son a ga bencuna a makarantun yankinsa, sai aiki ya buɗe mana. Injin nan ba ya hutawa sai an ɗauke wuta. Ƙurar katako kuwa, kafin azahar duk mun yi furfura.

Amma muna da maganinmu. Kullum da la'asar wata Bafulatana daga Batagarawa takan sauke ƙwaryarta, kowa ya sha nono ya yi gyatsa. Mun sakankance nono yana wanke ƙirji, haka muka taras ana faɗi.

Ni kaɗai ke ɗaure hanci da tsumma, ba don wayo ba, atishawa ce ta hana ni sakat. Sai aka laƙaba mini "amarya". Yayana ne kan gaba wajen tsiyar: "Ku ba amarya hanya, kada lulluɓinta ya faɗi!" Ƙato ne, shi ya fi kowa daɗewa a kan injin, bakinsa a buɗe yana waƙa.

Tari ya fara masa, ya ce mura ce, ya ƙara ludayin nono. Mahaifiyarmu ce ta ƙi yarda. Ta ce masa, "Wanga tari ba na mura ba ne. Ina jin numfashinka kamar ana jan zarto. Ƙanenka ya raka ka asibiti."

Likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjin, sannan ya tambayi sana'arsa. Yayana ya faɗa masa, ya ƙara da cewa, "Amma kullum ina shan nono hwa, likita."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, nono ciki yake zuwa, ƙura kuma huhu. Ba su taɓa haɗuwa ba."

Daga nan yayana bai sake hawa injin ba. Mu kuma muka fitar da injin waje inda iska ke kaɗawa, rumfar gaba ɗaya ta koma amare, ba mai yi wa wani dariya.

Har yau abin na yi mini ciwo. Zarto da guduma muna jin tsoronsu, don suna fitar da jini a gani. Abin da ya kayar da ƙaton rumfarmu kuwa, da tafin hannu muke kakkaɓe shi daga riga.

Yayana yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Sai dai in za mu masallaci tare, nakan tsaya a hanya in yi kamar takalmina ne ya cire, don kada ya gane shi nake jira.