Kwalekwalen Mai Faci

Shekara talatin da takwas Mai Faci ya yi a gindin bangon tashar mota, da injin ba da iska guda ɗaya da rabin duro cike da baƙin ruwa, inda yake tsoma tiyub ya ga ta inda iska ke fita. Ba mutum ne mai yawan magana ba. In ka kawo masa tayar da ta gama cin zamaninta ba zai ɓoye maka ba, sai ya ce, "Wannan kam sai addu'a, faci ya yi iyakarsa."

Tari ne ya tashe shi daga wurin. Likita ya ce hayaƙin mota da warin sholisho sun cinye masa ƙirji, in yana son ganin girman jikokinsa ya nemi inda iska ke da kyau. Ya bar wa abokin aikinsa injin, ya koma gida. Bai cika wata biyar da zama ba matarsa ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta dawo da hannun hagu a lanƙwashe, tana jan ƙafa, amma bakinta da hankalinta lafiya lau.

Ɗaki biyu suke zaune a bene hawa na biyu. 'Ya'ya duk sun watse, sai Auta, malamar makaranta, da ke aure a wata unguwa take leƙo su ranar hutu. Shi ya koyi yi wa matar wanka, ya koyi girki tana ba shi umarni daga kan kujera. Sauran yini kuwa tana bakin taga, tana kallon rufin gidajen mutane.

Wata safiya yana shafa mata man zafi a kafaɗa ta ce, "Malam, ka san abin da nake kewa? Ba tafiya kasuwa ba. Motsin nan da kwalekwale ke yi a ƙarƙashin mutum in an tura shi ya bar gaɓa."

'Yar masunci ce ita, a bakin kogi ta tashi, aure ya kawo ta birni. Shi kuwa ko iyo bai iya ba. Maganar ta zauna masa a rai.

Akwai wani babban tafki a bayan gari, tafiyar rabin awa a bas. Ya je ya duba jiragen masunta, ya tarar duk na katako ne, wurin zamansu falanki, ba inda mara lafiya za ta jingina. Wani tsohon direba ne ya ba shi labarin kwalekwalen roba da ake hura wa iska, a sace iskar a naɗe shi a jaka in an gama. Da ya ji an ce roba da iska, sai ya ji an shigo gonarsa.

Auta ta raka shi shagon da ake sayar da kayan kamun kifi, tana mita tun daga hanya. "Baba, kai ba ka iya ruwa ba, Inna ba ta iya tsayuwa ba. Wa zai ceci wani?"

"Mu je dai mu gani. Gani ya kori ji."

Mai shago ya fara jawo musu wani mai kalar ruwan goro, mara nauyi. Mai Faci ya murza robar tsakanin yatsunsa ya ajiye. "Wannan na wasan yara ne. Kwana biyu rana za ta dake shi ya saki." Aka fito da wani kore mai kauri, mai mazaunin mutum biyu, kujerunsa da wurin jingina baya. Ya tambayi bawul na hura iska nawa ne a jiki. Aka ce uku: ɓarin dama daban, na hagu daban, na ƙasa daban.

"Yawwa," in ji shi. "In ɗaya ya sace, biyu su kai mu gaɓa."

Ya sa aka hura shi a tsakar shagon, ya roƙi ruwan sabulu a kofi, ya durƙusa yana bin duk inda aka haɗa robar yana shafawa, yana jiran ya ga kumfa. Ya gama ya zauna a ciki kusan rabin awa, yana danna gefe da babban yatsa.

Mai shago ya gaji ya ce, "Baba, ai ko mota ba a yi mata wannan binciken."

"Mota in ta yi faci fita ake yi a tsaya gefen titi. A nan ina za a tsaya?"

Har Auta sai da ta yi dariya. Amma ba ta bar shagon ba sai da aka haɗa da rigunan kariya biyu, irin masu hana nutsewa, ta kuma sa shi ya yi alkawarin ba zai shiga ruwa ba sai da rigar a jikinsa.

Ranar farko shi kaɗai ya shiga. An zaunar da matar a kan kujerar roba a bakin tafkin, Auta na riƙe mata da lema. Ya tura kwalekwalen, ya tsoma filafili dama, ya tsoma hagu, sai jirgi ya kama juyi da shi wuri ɗaya kamar akuya a turke. Matar ta yi ta ƙwala masa kira: "Kar ka haƙa ruwan, Malam, ba rijiya ba ce! Ja shi a hankali!" Daga baya suka gane akwai wani ɗan baƙin fiffike da ake maƙalawa a ƙarƙashi don ya miƙar da tafiya, shi kuwa ya bar shi a jaka yana zaton gyara ne aka yi masa. Tun kwanciyarta bai ji ta yi dariya irin ta ranar ba.

Sati uku yana koyo tana yi masa gyara daga tudu, sannan ya yarda ya ɗauke ta. Shi da Auta suka kinkime ta suka zaunar a kujerar gaba, suka tokare ɓarinta na hagu da filo. Da jirgin ya saki ƙasa ya fara lilo, ya buɗe baki zai tambaye ta ko ta zauna daidai, ta ce, "Kar ka yi magana." Ta saki hannun dama a cikin ruwa. Bayanta kawai yake gani, amma ya lura kafaɗunta na rawa. Ya ci gaba da tuƙi har suka kai wajen wasu ciyayi suka juyo.

Daga nan abin ya zama nasu. Talata da Asabar suke zuwa da hantsi, su dawo kafin iskar azahar ta taso, don ya gane jirgin roba ba ya jayayya da iska. Ba sa nisa da gaɓa. Ita ke faɗin inda kifi yake, ita ke riƙe sandar fatsa da hannu ɗaya, shi kuma ya maƙala tana a ƙugiya, in kifi ya ci ya jawo. Wata rana suka kama tarwaɗa, ya jefa ta cikin jirgi ba tunani, ta yi wutsil-wutsil ta soka ƙayarta a ɓarin dama na jirgin. Ya ji sautin fitar iska tun kafin ya gani. Ya ɗora tafin ƙafa a wurin, ya ce mata, "Riƙe kifinki," ya tuƙa su zuwa tudu jirgin na karkacewa. A nan ya shanya wurin, ya goge, ya shafa sholisho, ya manna faci. Tun daga ranar bokiti mai murfi suke tafiya da shi. In sun dawo ya wanke jirgin ya shanya a kan ƙarfen matakala, maƙwabta na raɓawa suna tsokanarsa wai ya buɗe tashar jirgin ruwa a bene.

Shekara biyu da 'yan watanni suka yi a haka. Ciwon ya sake buge ta wata Laraba da la'asar, kwana huɗu a asibiti ba ta farfaɗo ba, Allah ya karɓi abarsa.

Jakar ta yi wata biyar a ƙarƙashin gado. Tarinsa ya dawo, ya rame, ya daina sauka ƙasa sai dole. Auta ta so ya koma gidanta, ya ce a'a. Ta ce to ko a bayar da jirgin, tunda ganinsa na tayar masa da hankali. Ya ce ta bari tukuna.

Wata Asabar ya jawo jakar ya hau bas shi kaɗai. Ya hura jirgin kamar yadda ya saba, ya ɗaura kujeru biyu, ya shiga ta baya. Bai yi nisa ba ya ga gaban ya ɗaga sama, ba nauyin da zai danne shi, 'yar iska kaɗan sai ta kwashe shi gefe. Ya yi ta fama ya kasa miƙar da shi. Dole ya koma gaɓa. Ya daɗe a tsaye yana kallon kujerar gaba, sannan ya kwance igiyoyinta, ya naɗe ta ya sa a jaka, ya matso da tasa tsakiya. Da ya sake shiga, jirgin ya tafi sumul.

Ya je wajen ciyayin nan ya tsaya, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sai da rana ta fara zafi ya jefa fatsa. Karfasa biyu ya kama. Ya ba matar maƙwabcinsa ɗaya, ya soya ɗaya ya ci.

Yanzu ya haura saba'in, numfashinsa ba ya kai shi nesa, wajen hura iska ma sai ya huta sau biyu kafin jirgin ya cika. Amma duk Asabar in gari ya yi kyau yana can. Masuntan tafkin sun san shi, in sun wuce sukan rage gudu don kada igiyar ruwansu ta girgiza shi, su ɗaga masa hannu su ce, "Baba, ya ruwa?"

Shi kuma ya ce, "Da godiya."