Akuyar da Ta Tada Inna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da damanar da Inna ta kwanta ta ce ta gama da duniya ba.

Shekarar ce nasara suka ɗauki yayana soja, aka tafi da shi yaƙi bayan teku. Na dawo Dakoro hutun lakwal, makarantar boko, na tarar da ita bisa tabarma, ta rame kamar kara. Ta ce ƙafafunta sun mutu, jininta ya ƙare. Na aza ta bisa jaki muka je asibiti wurin lokotoro, ya dudduba, ya ce bai ga komi ba. Ni kuwa, da ɗan karatuna, na dinga yi mata bayani wai lafiyarta lau. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, shi ne cikin jikin nan ko ni?" Kwana uku ko kunu ba ta kurɓa ba, har ta ce a yanko mata likkafani.

Ana haka sai ga ƙawarta, wata Bahillata daga wajen Korahane mai kawo mana nono, janye da akuya mai ciki. Ko sannu ba ta yi ba, ta ɗaure ta bakin ɗakin.

"Ke Kaɗo, tashi," ta ce wa Inna, yadda Hillani ke kiran Bahaushe. "Habbanaye na kawo miki."

Habbanaye aron amana ne: ka riƙe dabba har ta haihu, 'ya'yan naka, uwar ka mayar. Ba a ƙin karɓa.

"Mutuwa nike, ba ki gani?" in ji Inna.

"To ki mutu bayan ta haihu. Wannan 'yar lakwal ɗin taki ko tatsa ba ta iya ba."

Ta yi tafiyarta. Akuya ta yi ta kuka, ni kuma don ta yi shiru na cika ƙwarya da hatsi na aje mata.

"La'ilaha! Kumbura za ta yi! Amanar mutane za ki kashe mini?"

Na waiwaya, sai ga Inna tsaye, dafe da bango. Ta fizge ƙwaryar, ta zage ni tas. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba. Da la'asar ta ce in dama mata fura, mai kiwo ba ya zama da yunwa.

Tun ranar na gane, in babba ya ce jikinsa ya gaza, kada ka yi masa gardama. Ka nemo masa abin da zai sa ya ji har yanzu ana bukatarsa.