Malam Arzika, Wanda Ya San Kakannin Baƙi

Ina shanyar shinkafa a tsakar gida da hantsi, sai ga matar ɗana ta shigo ba sallama, ta tsaya tana kallon tabarmar. Na ce mata in kaza ce ta ɓata ta faɗi, in mijinta ne ma ta faɗi, shi wannan ya saba. Sai ta ce, "Inna, Malam Arzika lokaci ya yi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna cikin shinkafar nan, ban ma san a kanta na zauna ba.

Taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata. Tun muna tsirara muke zagin juna, kuma ba na jin akwai wanda ya ci mutuncin Arzika a ƙasar Illo kamar ni. Shi ya sa na ga ni ya kamata in faɗi ko wane ne shi, don kada a bar wa masu daɗin baki. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, masu ilimi su yi haƙuri da rubutun.

Basarke ne, jinin masunta, a jirgi ya tashi. Sai dai a kamun kifi, Allah ya jiƙan sa, ba abin arziki ba ne duk da sunan. Abin da ya iya shi ne fiton Fulani. Idan kaka ta wuce, makiyaya sunka gangaro daga Dahome, wadda yara ke kira Binin yanzu, shanu su bi ruwa, shi kuma ya ɗauki mata da ƙore da 'yan maruƙa. Yana tuƙi yana tambaya: wa ya haife ka, shi kuma wa ya haife shi, daga ina kunka taso, mi ya tashe ku? Na taɓa shiga jirginsa, na ga ya tsai da mu tsakiyar kogin Kwara don wata tsohuwa ba ta ƙare labarin yadda ciwon shanu ya kore su daga Gurma ba. Na ce, "Kai bawana, ko dai ka tuƙa ko in jefa ka ga kada." Ya ce, "Yi shiru, Kulu, kakanta bai iso Bargu ba tukuna."

Haka ya tara su a ka. Ya san gidan da ya fito Zabarma saboda yunwa, da wanda ya gudo wa jangali, da wanda ya rabu gida biyu kan rigimar bijimi, rabi nan rabi ƙetare. Ya kan dubi tsagar kunnen saniya ya faɗi sunan mai ita. Mutanenmu ba su so ba. Akwai shekarar da shanu sunka shiga gonar ƙanensa, ƙanen ya zo yana kumfar baki, ya ce masa, "Yaya, kai kakannin masu cin amfaninmu kaka haddacewa, naka fa?" Arzika ya ce, "Nawa ba su ɓata ba. Mutumin da ba ka san kakansa ba, shi kaka iya sara ba ka ji komi ba." Sannan ya ɗauki sanda ya tafi rugar, ya kira mai shanun da sunan kakansa, ya tuna masa wanda ya fid da kakan nan daga ruwa. Washegari an aiko da ramuwar ɓarna, ba alƙali ba ɗan sanda.

Wata rana ya zo mani da rediyo a kafaɗa, bakinsa har kunne. Wai ya ji an yi wani malamin Kirista can Habasha, zamanin da, wanda ya zauna ya rubuta labarin wasu makiyaya da ake kira Oromo, dangi-dangi, da yadda sunka riƙa ƙaura, alhali su da mutanensa ba su ga maciji. Ya ce, "Kulu, ashe ina da ɗan'uwa!" Na ce Allah ya haɗa ku, mahaukaci bai rasa dangi. Ya ce bambancinsu ɗaya, wancan tsoro ya sa shi tambaya, shi kuwa fito ne. Na ce a'a, bambancinku biyu, wancan ya rubuta. Ya buga goshinsa ya ce gara ba ta cin wannan. Na ce gara ba ta ci, amma kabari na ci. Munka yi dariya. Da na san bakina zai kama, da na cika shi da goro.

Daga baya duniya ta lalace, kowa ya san yadda. Aka fara ganin baƙi da bindigogi a daji, ana ɗaukar mutane a gona, ana kore shanu. Matasanmu sunka kafa banga, kuma ban ga laifinsu ba, don mun binne mutane. Ɗana Bawa ne babbansu. Sunka tare burtali a gindin ɗorawar da ke hanyar fadama, ba garken da ke wucewa sai an san mai shi. To wa ya sani? Arzika. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma sai a goya shi a babur a ajiye shi kan turmi. Ya tambayi mutum sunan uba da kaka, ya ce wanga namu ne, kakarsa a fadamar nan aka binne ta. Wani kuma ya ce wanga ban san shi ba. Bai taɓa cewa mutum ɓarawo ne ba. Ya kan ce, "Ban sani ba iyakar sanina ce, ba hukunci ba ce." Har a nan akwai masu raɗa cewa an saye shi da nono. Ya ji, bai daina zuwa ba.

Ana zaman makoki, kafin a yi sadakar bakwai, labari ya zo cewa an tsai da wani garke a ɗorawa. Wani Jaɓɓi ne da iyalinsa. Sun daɗe ƙetare, yanzu can ma an hana su kiwo, shanu sun rame, ga fadama suna hange. Jaɓɓi ya ce a kira masa Malam Arzika. Aka ce ya rasu. An ce sai ya zauna a ƙasa ya cire malafa.

Na ɗauki mayafi na tafi, don shekara da shekaru ina kwaikwayon Arzika a gidan biki, ina toshe hanci ina jero sunaye mata na faɗuwa da dariya. Na ɗauka wani abu daga cikin sunayen ya maƙale mani a ka. Na ce wa Jaɓɓi, wa ya haife ka? Ya ce Manu. Na ce Manu na Buba, ko Manu na Sambo? Ya ce na Buba. Na ji sunan ya yi mani daɗin kunne, amma daga nan sai duhu. Ban sani ba ko su ne na Gurma ko na rigimar bijimi. Ashe ni muryar na riƙe, shi ya riƙe mutanen.

Bawa ya ce, "Inna, kin san shi ko ba ki san shi ba?"

Na ce, "Ka dubi matar nan da goyo, ta yi maka kama da mai bindiga?"

Ya ce, "Ba ita na tambaye ki ba. In na buɗe hanya wani abu ya faru, ke za ki je ki yi wa mutane bayani?"

Na ce, "Ɗan nema, da kake tsotso ban tambaye ka takarda ba."

Yaran sunka yi dariya, shi bai yi ba. Kuma ban iya rantse masa ba, don Arzika bai taɓa shaidar abin da bai sani ba, ba zan fara da sunansa ba. Jaɓɓi ya ce mani, "Na gode, Inna," ya juya shanunsa. Suna can bakin iyaka, ba su koma ba, ba su shigo ba, kuma na ji maruƙa sun fara faɗuwa.

Don haka nake roƙo. Duk tsohon da ya taɓa zama jirgin Arzika, a Illo ko Kende ko Bagudo, basarke ko bafillace, in ya san gidan Manu na Buba, ya zo ɗorawa ya faɗa. A goyo shi a babur in bai iya tafiya. Wannan ita ce ta'aziyyar da nake so.

Allah ya jiƙan Malam Arzika, ya yafe masa, ya yafe mani zagin da na yi masa na wasa da wanda ya wuce wasa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya ba matarsa Ige da 'ya'yansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Allah ya tsare Bawa da hannunsa daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba, ya buɗe wa mutanen da ke bakin iyaka hanya tun shanunsu na iya tashi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.