Takardar da Malam Habu Ya Nema

Har yau ban manta da wata Laraba ba, lokacin ina shugabantar ɗakin gwajin jini a wani asibiti a Birnin Kudu. Wata likita tana bincike a kan sinadarin da ke raya jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake zaton yana raguwa a jinin masu ciwon damuwa. Aikinmu shi ne mu ɗebi jinin wanda ya amince, mara lafiya ko lafiyayye, mu sa masa lamba maimakon suna, mu adana.

Ranar ce Malam Habu, malamin Islamiyya daga Zandam, ɗaya daga cikin masu ciwon da muka ɗebi jininsu, ya dawo. Wata biyu ke nan yana shan magani, amma yayansa, Alhaji Isa, ya ce ya daina, wai raunin tawakkali ne kawai.

"Malam, rubuta mini sakamakon kamar na maleriya," in ji shi. "Yaya ba ya musu da takarda."

Na gaya masa gaskiya: wannan awo ba ya tabbatar da ciwo. Sai an tara jinin mutane da yawa ake ganin bambanci, kuma akan sami lafiyayye da nasa ya fi na mara lafiya ƙaranci.

"To, me kuke aunawa ke nan?"

Na ce ya kawo yayan ya ga likita.

Mako na zagayowa Alhaji Isa ya zo. Ya saurari likita, sannan ya shigo wurina yana naɗe hannun riga.

"Ɗebi nawa a kwatanta. Ni dai lafiyata ƙalau."

Ina neman jijiya, sai ya rage murya. "Malam, mutumin da karatu ya daina yi masa daɗi tun rasuwar ɗansa, barci ma ya ƙi, shi ma ana gani a jini?"

Na gane kansa yake nufi, na ajiye allurar. "Ba a gani, Alhaji. Amma likita ba ta tafi ba."

Daga nan su biyu suke zuwa karɓar magani a kan babur ɗaya.

Ku matasan da ke shigowa wannan aiki, ban sani ba ko wata rana awon nan zai yi amfani a kan mutum guda. Abin da na koya shi ne, kada ku yi saurin soka allura idan mai hannun ya fara magana.