Atayar da Na Mayar da Baba Sha

Lokacin ina da shekara ashirin da uku, na gama digirina na lisans ke nan a fannin ilimin halittu, ina zaune gida a unguwar Briqueterie ina jiran aiki. Ni mutum ce mai yawan fargaba, kuma tun da likita ta ce Baba yana da ciwon sukari na rasa sukuni, kullum ina kan waya ina karance-karance. A nan na ga cewa wasu sinadarai na koren ganyen shayi wataƙila suna rage saurin shigar sukari cikin jini daga hanji. Rubutun bai ce magani ba ne, ni ma ban ce ba. Na gaya wa Baba mai yiwuwa ya ɗan taimaka, amma ba a tabbatar ba tukuna. Da ya tambaye ni wane ganye ne, sai na ce ai shi ne na ataya.

Kuskurena ke nan. Baba tela ne, kuma a ƙofar shagonsa butar ataya ba ta sauka daga kan gawayi. Tun da ba na zama a majalisarsu, ban tuna cewa kowane zagaye da sukarinsa ake dafa shi ba. Dā ya daina sha saboda likita ta hana. Sai ya koma, yana ce wa abokansa 'yarsa mai boko ta ba shi izini, su kuma suna tsokanarsa wai likitar gida ta fi ta asibiti, a ƙara wa Alhaji kofi. Duk kaffa-kaffar da na yi a magana ba ta kai ƙofar shago ba. Har ƙwayoyin maganinsa ya fara tsallakewa.

Bayan kamar sati uku Inna ta ce mini Baba ya cika shan ruwa, kuma ya kasa zura zare a allura. Na gwada jininsa da 'yar na'urarmu ta auna sukari, lambar da na gani ta yi sama sosai, nan take muka tafi asibiti. Idonsa nake tunani, don da shi yake ci da mu. A asibiti likita ta ce mun zo da wuri, ganinsa zai washe idan sukarin ya sauka. Ta ce ganyen ba shi da laifi, amma ban da sukari, kuma ba zai tsaya a madadin ƙwaya ba. Na fashe da kuka. Baba ya ce in share hawayena, ai shi ne ya ji abin da yake so ya ji.

Alhamdu lillahi, yau da kansa yake zura zarensa. Ni nake dafa masa shayin babu sukari, yana sha yana yamutsa fuska, wai ramuwa nake yi. Ban isa in ce ganyen na taimakonsa ko ba ya yi ba. Abin da na sani, duk wanda ya karanto wani abu a kan lafiya, ya fara kai wa likita kafin ya kai wa iyayensa, kuma ya je ya ga yadda za su yi aiki da shi.