Wasiƙar da Na Karanta wa Iya

A shekarun 1980 ni ne mai buɗe ƙofar ruwa a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Firamare kaɗai na gama, amma a garinmu wannan ya isa a ce da mutum mai Turanci. Duk wanda aka aiko wa takarda, wurina yake kawowa.

Wata safiya da rani, ina sakar wa masu tumatir ruwa, sai ga maƙwabciyarmu, tsohuwar da muke kira Iya, ta biyo bakin kwata da ambulan a hannu. Ɗanta tilo ya tafi Kaduna koyon gyaran tarakta, kuma mun san zai zauna jarrabawa.

"Ɗan nan, duba min. Ko daga wajen yayanka ne?"

Wani abokin kwanansa ne ya rubuto, mutumin kudu. Rubutun a cukurkuɗe yake. Na tsallake kalmomin da ban gane ba, har idona ya faɗa kan guda biyu: passed away. Ta farkon na san ta tun a aji, ita ake rubuta wa wanda ya ci jarrabawa. Ta biyun kuwa nisa take nufi.

"Iya, albishirinki. Ya ci jarrabawa, har an tura shi wani wuri mai nisa."

Ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gonakin mutane. Da yamma ta soya waina ta raba gida gida. Na ci uku.

Bayan kwana tara, malamin gona ya zo duba shinkafa. Don in burge shi na ba shi labari, har na maimaita masa kalmomin. Ya kashe babur ɗinsa, ya juyo wurina.

"Haka Bature yake cewa an riga mu gidan gaskiya. Shi ma ba ya son kiran mutuwa da sunanta."

Tare da liman muka je. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko ambulan ɗin ta juya shi gaba da baya.

"Takardar ce ta canja, ko kai?"

"Ni ne na yi kuskure, Iya."

"A'a. Ranar nan da idonka garau ka karanta. Yau kuwa wani ne ya karanta maka."

Ƙanin mijinta ya je Kaduna, aka nuna masa kabari, ya dawo da akwatin mamacin. Aka yi zaman makoki, ita kuma tana ta ba baƙi ruwa kamar rasuwar wani gida ce.

Da aka girbe albasa sai ta kira ni, ta ba ni takarda da biro.

"Rubuta masa da Turancin. Ka ce albasa ta yi kyau bana, kuma ya riƙa rufe ƙirjinsa."

Na rubuta. Shekara shida ina rubutawa duk girbi, har Allah ya karɓi abarsa. Takan ba ni kuɗin kan sarki na aika wasiƙar, ni kuma in sa a asusun masallaci. Wasiƙun suna nan a ƙasan akwatina. Jikokina sun fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma ban taɓa bari ɗayansu ya buɗe ba.