Baturen da Ya Ba Hajiya Haƙuri

Na ga abubuwa da yawa a zamana na Makka, amma ko da tsufa zai kwashe su duka, ba na jin zai iya ɗauke min wani yammaci da na yi a gidan yayana a unguwar Rusaifa.

Lokacin ba su daɗe da tasowa daga unguwar Tandabawi ba. Yaya, mutumin da duk rayuwarsa tufafi yake sayarwa, ya rantse shi zai kafa kantar kicin da hannunsa, ba ya bukatar najjar, wato kafinta. Ya kafa, matarsa Hajiya ta jera tangaran ɗin da mahaifiyarta ta zo da su daga Kano, kanta ta rufto da su. Ko ɗaya bai tsira ba. Maimakon ya ba ta haƙuri, sai ya ce ita ta cika wa katakon kaya. Daga nan magana ta ɗauke a tsakaninsu, gaba ta wuce iyakar da addini ya yarje. Ranar da na je, ta riga ta haɗa akwati, tana jiran babban ɗansu ya kai ta Jidda wurin 'yarta, ta ce kuma kada a tambaye ta ranar dawowa.

Na zauna bayan la'asar na fara jawo ayoyi da hadisai. Hajiya tana tsaye a bakin falo da abayarta, ta ce, “Malam, ka faɗa wa yayanka, ni na haddace.” Shi kuwa Yaya ya ɗauki rimot ya kunna talabijin, ya ƙara sauti don ya danne wa'azina. Allah Ya kai hannunsa wata tasha mai nuna tsofaffin finafinai. Wani fim ne na Turawan Ingila, marar kala, irin na barkwancin da suka yi bayan yaƙin duniya na biyu: miji da mata da 'ya'ya a ɗan matsattsen gida. Cikinmu babu mai jin Turanci. Akwai fassarar Larabci a ƙasa, amma ni da na saba bin Ajami da yatsa a natse, kafin in kama kan layi ya tsere.

Har na fara istigfari zan kau da kai, sai ga maigidan Bature a kan tsani zai kafa katako a bango, da guduma a hannu, ƙusoshi a baki. Matarsa ta ɗaura ɗankwali kamar 'yar Fagge, ta riƙe ƙugu tana magana.

Sai muka ji Hajiya daga bakin ƙofa: “Cewa take, sauko bawan Allah, ba sana'ar gidanku ba ce.”

Yaya bai waiwaya ba. Ya nuna Baturen da rimot ya ce, “Shi kuma ya ce, ke da ba ki taɓa riƙe guduma ba, me kika sani?”

“Ta ce ta san dai abin da ke sama ƙasa yake nufa.”

Ba ta rufe baki ba Baturen ya buge yatsansa, ya zame, ƙafarsa ta faɗa bokitin fenti, katakon ya biyo shi da duk abin da ke kai. Na toshe bakina da gefen rawani. Dariya ta ci Yaya, amma ya dake. Hajiya kuwa ban san sa'ad da ta bar ƙofa ta zauna a kan akwatinta ba. Haka suka yi ta yi, ita ce Baturiya, shi ne Bature, duk abin da suka ƙunsa a ciki suka ɗora wa bayin Allah. Har maganar wata darduma da ya ƙona da garwashin turare tun ina saurayi sai da Baturiya ta tono.

Can Baturen ya shigo kicin da yatsa a naɗe, ya tsaya a bayan matarsa yana murza hula, yana magana ƙasa-ƙasa. A waje ɗansu ya iso, yana danna hon. Hajiya ta miƙe ta kama hannun akwati, ta ce, “To, wannan karon ban ji me ya ce ba.”

Yaya ya yi gyaran murya, idonsa a kan talabijin. “Ya ce... kayan mahaifiyarki ne, kuma ba a sayar da irinsu a kasuwa. Ya ce shi ya yi ganganci. Ki yafe masa.”

Ta daɗe tana kallon Baturiyar da ke zuba ruwa a buta. Sannan ta ce, “Ita kuma ta ce shayi zai sha ko gahawa?”

Da yaron ya hawo ɗaukar akwati, uwarsa ta ce, “Yalla, maza, tunda ka tayar da mota, je ka samo mana najjar.”

Bayan an kwana biyu 'yarsu ta Jidda, wadda ta yi karatun Turanci, ta nemo fim ɗin ta kalla. Ta kira ni tana dariya: “Baffa, wallahi mutumin nan bai ba da haƙuri ba. Cewa ya yi tsanin ne ba shi da kyau!” Na ce ta rufa wa Bature asiri, kada uwarta ta ji.

Abin da na koya shi ne, wani ba taurin zuciya ke hana shi neman gafara ba, nauyin baki ne kawai. Idan ka ga irinsa, kada ka tsare shi da wa'azi. Ka samar masa bakin aro, Allah zai yi sauran.